Motata tana shanye ruwan lagireto, ƙasa kuma a bushe: ina yake tafiya?

Direban_Gumel:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masana mota a taimaka min da shawara. Golf 3 wagon nake ja, mai fetur, ina lodi daga Gumel zuwa 'Yankaba, ranar Alhamis kuma in yi Maigatari. Tun da zafin bana ya kankama motar take shan ruwa. Da safe zan cika robar ruwan, kafin in je Kano in dawo ya ragu da kusan lita ɗaya, wani lokaci har fitilar ruwa ta fara ƙiftawa. Allurar zafi tana zaune a 90, sai in mun shiga cunkoso take ɗan ɗagawa. Inda take kwana ko ɗigo babu. Baƙin mai kuma kalarsa lafiya lau. Bakaniken da nake kai wa ya ce gaskit ɗin tof ne, wato shimfiɗar da take tsakanin kan inji (tof) da gangar jikinsa, in kawo kuɗi a sauke. Ni kuma gabana faɗuwa yake, don kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma motar akwai haƙƙin marayu a cikinta. Akwai yadda za a tabbatar kafin a buɗe inji?

Baban_Sadiya:
Wa alaikumus salam. Kada ka yarda a sauke tof a kan "ina jin". Fara canza murfin robar tukuna. Tawa haka ta yi min, murfi ne kawai.

Oga_Kwakwaci:
Wa alaikumus salam. Malam Direba, ruwa ba ya ɓata haka siddan. Ko yana fita waje, ko yana fita a tururi ta murfi, ko inji yana shanye shi ta ciki. Kuma rashin ganin jiƙa a ƙasa ba hujja ba ce. Yawancin ƙananan yoyo ba sa buɗewa sai inji ya yi zafi furesha ta taru, sannan ruwan ya sauka a kan ƙarfe mai zafi ya ƙafe tun bai kai ƙasa ba. Kana kashe mota ta huce, tsagar ta koma ta haɗe. Shi ya sa makwancinta yake a bushe.

A Golf 3 inda nake fara kai hannu shi ne bakunan roba da aka ɗaure a jikin tof, inda tiyo yake shiga. Akwai na gaba, akwai na gefe a saman giyabos. Roba ce, shekaru da zafi suna gasa ta har ta tsage ko zoben cikinta ya mutu. Motar da aka fara ƙera irinta a 1991, ka ga ai robar ta yi ƙoƙari. Ka samu tocila, ka duba ƙarƙashinsu. Abin da za ka nema ba ruwa ba ne, sawun ruwa za ka nema: farin zane ko jan tsatsa da ya gangaro ya bushe. Daga nan ka duba famfon ruwa, akwai ɗan rami a ƙasansa da yake tsattsafowa in sil ɗinsa ya gaji. Sai bututun ƙarfe da ya bi jikin inji, sai gefen lagireto inda roba ta haɗu da alminiyam, sai bakin kowane tiyo wajen kilif.

Ka amsa min waɗannan: da safe in ka tayar tana misin na ɗan lokaci, wato inji yana karkarwa kamar silinda ɗaya ba ta kama wuta? Farin hayaƙi yana ci gaba da fita ta salansa bayan ta yi zafi? Ruwan rijiya kake zubawa ko kulant, ruwan lagireto mai kala da ake sayarwa?

Direban_Gumel:
Oga na gode. Misin ɗin safe akwai shi kaɗan, amma ta daɗe tana yi. Hayaƙi ban lura ba, sai dai ruwa yana ɗan ɗiga ta salansa da asuba. Abin da nake zubawa kuwa duk ruwan da na samu ne, na tasha ko fiya wata.

Ɗan_Gujungu:
To ai magana ta ƙare. Ruwa ta salansa, ga misin. Tof ne. Ka haɗa kuɗi kawai, Allah ya rufa asiri.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan_Gujungu, a yi a hankali. Ɗigar ruwa ta salansa da asuba ba alamar ciwo ba ce. Shi kansa fetur in ya ƙone ruwa yake haifarwa, kusan lita ɗaya na ruwa a kowace lita ɗaya ta fetur. Yana fita a tururi ba ka gani, amma da safe salansa tana da sanyi sai ya taru ya ɗiga. Lokacin hunturu ma za ka ga kowace mota tana farin tururi da sassafe. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri da ba ya ɗaukewa ko an yi tafiya mai nisa.

Ina so in ƙarfafa maganar Baban_Sadiya, don mutane suna raina murfi. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a nan ƙasar Kano ma ƙasa da haka kaɗan saboda muna kan tudu. Aikin murfi shi ne ya riƙe matsi a ciki. In ya riƙe bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), ruwan ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. Murfin irin wannan motar yana sakin iska ne a wajen bar 1.2 zuwa 1.5. In bawul ɗinsa ya mutu, ruwa zai riƙa tafasa a lungunan tof masu zafi yana fita a tururi kaɗan-kaɗan a kan hanya, direba bai sani ba, allura kuma tana nuna 90 abinta. A watan Afrilu da Mayu da zafinmu yake haura digiri 40, ga lodi har saman but, nan ne abin yake bayyana.

Sannan tambaya ɗaya, Malam Direba: da ka ce kana "cika" robar, har ina kake cikawa? Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 in ya yi zafi. Akwai layi biyu a jikin robar. In ka wuce na sama, motar da kanta za ta zubar da rarar.

Direban_Gumel:
Malam, har wuya nake cikawa, don kada ya ƙare min a hanya. Amma raguwar tana wuce layin ƙasa, ba a na sama take tsayawa ba.

Malamin_Kimiyya:
To wani ɓangare na litar nan rara ce take zubarwa, ragowar kuma akwai inda yake bi. Daga gobe ka tsaya a layin sama, za ka fi sanin ainihin abin da take sha.

Tsohon_Direban_504:
Yara kuna ta lissafi. Ni na ja Fijo 504 tun ana haɗa ta a Kaduna, daga baya na koma J5. A zamaninmu lagireto na tagulla ne, in ya huje a kai wa mai dalma ya like, a ci gaba da tafiya. Motocin yanzu duk roba. Ita 504 ma tana da nata halin, hannun rigar silinda, wato bututun ƙarfen da fistin yake hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa yake zaune, in abin da ya toshe gindinsa ya saki sai ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Amma nan take za ka gani, mai zai koma kamar shayi da madara, ya haura layi a geji.

Shawarata ga yaron nan: a cire tamostat, abin nan da yake tare ruwa kada ya je lagireto sai inji ya yi zafi, a yar, a haɗa fanka kai tsaye. An yi abin nan don ƙasar Jamus mai ƙanƙara, mu ina ruwanmu da shi a Gumel? In kuma ɗan yoyo ne a lagireto, a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, zai kai ka gida.

Mai_Lagireto_Haɗeja:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma maganar ƙwan nan ni nake shan wahalarta. Abin da ban ciro daga cikin lagireto ba kaɗan ne: ƙwai, barkono, garin kuka, sabulu. Gaskiya ne yana iya toshe ƙaramar huda na ɗan lokaci, amma ba ya tambaya wace huda ce ta ciwo wace ce hanyar ruwa. Lagireton Golf hanyoyinsa sirara ne ƙwarai, ba irin na 504 ba. In rabinsu ya toshe, sai a zo ana cewa mota tana ɗaukar zafi a hawa, ana zargin tof.

Shi kuma ruwan rijiya da na burtsatse da Malam Direba yake zubawa, in ka fasa lagireton da ya shekara yana shan sa za ka ga farin ɓamɓaroki ya kama bututu, ga jan laka a ƙasa. Bulok ɗin motar nan, wato gangar jikin inji, ƙarfe ne, tof alminiyam. Ruwa zalla yana cin su duka biyu, ya ci bututun ƙarfe, ya ci ƙananan faifan da aka toshe ramukan jikin bulok da su. Waɗannan faifan in na bayan inji ya huje, sai ka sha wahala kafin ka gan shi. Kulant ba don sanyin Turai kaɗai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a ciki, kuma yana da kala. Kalar nan ita take nuna maka inda yoyo yake. Wanda yake zuba fiya wata ya rasa wannan shaidar.

Tsohon_Direban_504:
Ai na ce zai kai ka gida, ban ce ka zauna da shi ba. Kana tsakanin Gagarawa da Gumel da dare da fasinja mata da yara, wane kulant za ka samu?

Oga_Kwakwaci:
Baba, a nan kam ba a ja da kai, lalura daban. Amma tamostat ban yarda ba. Na Golf yana fara buɗewa a wajen digiri 87, daga nan ruwa yana tafiya lagireto sosai, to me ya tare? In ka cire shi inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, sai ya yi ta shan mai fiye da kima, fulogi suna baƙi, ringi yana ci. A wasu injinan ma shi ne yake rufe gajeriyar hanyar da ruwa yake zagayawa ba tare da ya shiga lagireto ba, ka ga cire shi ƙara zafi zai yi. Abin da ya fi damuna, cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye suna ɓoye ciwo. Allura za ta kwanta, mai mota ya ce an gyara, ruwa kuma yana nan yana tafiya. In tamostat ya maƙale, a saka shi a ruwan zafi a gani, in bai buɗe ba a sayi wani.

Sani_Kwandasta:
Duk garejin da na sani cirewa suke, kuma motocin suna nan suna lodi har Legas.

Baban_Sadiya:
Suna lodi, amma ka tambayi masu su sau nawa suka sauke inji.

Maman_Ilham:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Corolla ce, kullum in na dawo daga aiki na ajiye ta sai in ga ruwa ya taru a ƙasa ta ɓangaren mai zaman banza. Abin nan da kuke faɗa ne?

Mai_Lagireto_Haɗeja:
Hajiya, in kina kunna esi, kuma ruwan fari ne tas ba kala ba santsi ba ƙanshi, gumin esi ne, lafiyarta ƙalau. Ki duba robar ruwan da safe kafin a tayar. In yana inda yake jiya, ki kwantar da hankalinki.

Maman_Ilham:
Alhamdu lillahi, yana nan yadda yake. Na gode.

Isiyaku_Sharon:
Tambayar Hajiya ta tuna min da wani wuri da ba wanda ya ambata: hita. Akwai ɗan ƙaramin lagireto a cikin dashbod wanda ruwan inji yake bi ta cikinsa, ko kana kunna hita ko ba ka kunnawa. Mu nan ba mai tunawa da shi sai sanyin Disamba. In ya huje, cikin mota ruwan yake zuba, kafet ya shanye, ƙasa ba za ta ga komai ba. Wata Sharon da na ja haka ta yi ta yi, wani gareji suka sauke tof, suka sa sabon gaskit, aka karɓi kuɗi, ruwa bai daina tafiya ba. Ranar da yaron wanki ya ɗaga kafet ɗin gaba sai ga soson ƙasa jagab, har ƙarfen ya fara tsatsa. Malam Direba ka cusa hannu ƙarƙashin kafet ta wajen ƙafar fasinjan gaba da gindin giya. In da danshi, ko gilashin gaba yana yin hazo ta ciki da safe, ka kama ɓarawonka. Canza shi a Golf 3 sai an sauke dashbod, shi ya sa yawanci ake zare tiyo biyun da suka shiga ciki a haɗe su da juna a bonet.

Ɗan_Gujungu:
Duk na ji, amma ku dawo kan misin ɗin safe. Me yake kawo shi in ba ruwa ne yake kwana a kan fistin ba? Kuma don mai bai canza kala ba, ba shi ne gaskit yana lafiya ba.

Oga_Kwakwaci:
Wannan gaɓar taka gaskiya ce, Ɗan_Gujungu, kuma mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Gaskit yana raba abu uku: wuta, ruwa, mai. Yana iya ƙonewa tsakanin silinda da hanyar ruwa kawai, mai bai sani ba. Sai ruwa ya riƙa shiga silinda kaɗan-kaɗan yana ƙonewa, ko iskar wuta ta riƙa shiga cikin ruwa tana tura shi waje ta murfi. Haka kuma farin kumfa a murfin mai ba kullum yake nufin gaskit ba, motar da ba ta tafiya mai nisa tana tara shi lokacin sanyi. Amma misin ɗin safe abubuwa da yawa suna kawo shi, tsohon fulogi, wayar fulogi, distiributa. Ba zan sauke tof a kansa ba.

Ga abin da mutum zai yi a ƙofar gida ba tare da ya kashe ko sisi ba. Da asuba, mota a sanyaye, ka matsa babban tiyon sama da hannu. Ya kamata ya yi laushi. In ya kwana da tauri, kana buɗe murfi ya yi tsaki da ƙarfi, akwai alamar tambaya. Sai ka bar murfin a buɗe, ka tayar, ka zuba ido cikin robar. Akwai ɗan siririn tiyo da yake dawo da ruwa ta sama, wannan aikinsa ne, kada ya ruɗe ka. Abin da ake nema kumfa ce mai tasowa daga ƙasa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa in an taka totur. Wasu suna ɗaura balan-balan a bakin robar: in ya kumbura cikin ɗan lokaci tun inji bai yi ɗumi ba, iskar silinda ce, don ruwan sanyi ba ya yin furesha. Bayan haka ka kwance fulogi huɗun ka jera su a kan kwali yadda suke a inji. Wanda ruwa yake shiga silindarsa za ka gan shi a wanke fes, sauran kuma da launin toka ko ƙasa-ƙasa.

Wanda ya fi duka shi ne gwaji da kayan aiki. Akwai famfon hannu mai geji da ake ɗaurawa a bakin robar, a buga furesha daidai abin da murfi yake riƙewa, kada a wuce, a zuba ido. In allura tana sauka, sai a bi da tocila, yoyon da yake ɓuya sai ya fito tunda inji a sanyaye yake ba abin da zai ƙafar da shi. Da shi ake gwada murfin ma. Akwai kuma wani ruwa shuɗi da ake sawa a kwalba a bakin robar mota tana silo, wato a kunne ba a taka totur ba, in iskar wuta tana cikin ruwan sai ya koma rawaya.

Malamin_Kimiyya:
Ƙari kaɗan a kan na Oga. Gwajin famfo yana iya cewa lafiya alhali gaskit ya fara saki, saboda matsin da wuta take yi a cikin silinda ya ninka na famfon hannu sau da yawa. Tsagar da bar 1 ba zai buɗe ba, wuta za ta buɗe ta. Don haka gwaje-gwajen biyu ba sa maye gurbin juna. Shi ruwan shuɗin iskar kabon dayoksaid yake ganowa, a injin dizal ma yakan tsaya a kore maimakon rawaya.

Sani_Kwandasta:
Malam, duk wannan a Kano ne. A ƙauye wa yake da famfo mai geji? Bakanikenmu sifana goma sha uku da guduma gare shi.

Ɗan_Fadama:
Sani, mu masu injin ban ruwa da tarakta dabara muke yi. Tsohon murfi ake hudawa a sa masa bawul ɗin tayar babur, a buga iska da famfon keke kaɗan-kaɗan, a auna da gejin mai faci. Sharaɗin kawai kada a kai shi wajen kwamfuresar mai faci, nan take za ta fasa lagireto ko hita. Bugu kaɗan ya isa tiyo ya yi tauri. Da haka muka gano wata huda a bayan bulok ɗin tarakta da ta gagari kowa.

Likitan_Dabbobi:
Tunda ana ta cewa a koma kulant, bari in sa baki ta ɓangarena. Yawancinsa sinadarin etilin gilaikol ne, yana da zaƙi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. In an juye tsohon ruwa kada a bar shi a kwano a tsakar gida ko a zubar inda awaki da kaji da karnuka suke sha. Kada kuma a ɗura ragowar a robar lemo a ajiye inda yara suke, kalarsa tana jan ido. Masu ɗanɗana ɗigon da harshe don su gane ko kulant ne, a daina, a shafa a yatsa a sansana ya wadatar.

Baban_Sadiya:
Da buɗe murfi mota da zafi. Akwai yaron mota a tasharmu da har yau tabon yana nan daga wuyansa zuwa ƙirji. A bari ta huce, a sa tsumma, a murɗa a hankali. Kuma kada a kwara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa, yana iya tsaga tof.

Direban_Gumel:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ga abin da na gani. Kafet a bushe yake, Malam Isiyaku. Kwalin da na shimfiɗa a ƙasa ya kwana ba ɗigo. Tiyon sama da safe da laushi. Na bar murfi a buɗe na tayar, kumfa ta ɗan taso da farko sannan ta tsaya. Balan-balan ban samu ba. Robar cikin murfin ta tsattsage, da na taɓa ta ma sai baƙi ya kama min yatsa. Sannan da na haska bakin robar nan na gefen tof da Oga ya ce, akwai jan zane da ya gangara kan giyabos, har ya taru ya bushe a wani ɗan lungu. Na goge shi tas, na je Kano na dawo, na tarar da wajen da danshi. Sai dai fulogi na uku ya fi sauran haske sosai. Wannan ne ya hana ni murna.

Ɗan_Gujungu:
Na faɗa muku. Na uku a wanke, misin da safe. Me ake jira kuma?

Isiyaku_Sharon:
Tsaya tukuna. Malam Direba, tare aka sa fulogin huɗu?

Direban_Gumel:
A'a. Kwanakin baya ɗaya ya mutu a hanya, wani yaro a gefen titi ya sa min sabo guda ɗaya. Ina can ina ba fasinja haƙuri, ban ga ramin da ya sa ba.

Isiyaku_Sharon:
To ka gani. Duba jikinsu, in sunan kamfanin na ukun ya bambanta da sauran, sabon ne. In kuma kana so ka tabbatar, ka musanya na uku da na ɗaya, ka yi aiki da ita kwana biyu ka sake kwancewa. In wanda ka mayar rami na uku ya wanke shi ma, to Ɗan_Gujungu ya ci gari.

Malamin_Kimiyya:
Kuma babu abin da ya hana duka biyun su zama gaskiya. Ƙaramin yoyo yana rage ruwa, inji ya yi ta ɗaukar zafi a ɓoye, tof ɗin alminiyam ya ɗan kantare, gaskit ya saki. Ko a juya: gaskit ya fara saki, iska ta yi yawa a cikin ruwa, ta nemi wuri mafi rauni ta fasa, wato tsohuwar robar nan. Shi ya sa wani yake canza tiyo yau, gobe lagireto ya fashe, jibi hita.

Oga_Kwakwaci:
Haka ne Malam. Amma tunda an ga yoyo da ido, da shi za a fara. A canza bakin robar da zobensa, a goge fuskar tof inda yake zama don tsatsa tana cin wajen, a sa sabon murfi. Kada a shafe shi da gam a ce an gyara, kada kuma a ɗaure da ƙarfi, roba ce. In za ka saya a Ƙofar Ruwa ka tafi da tsohon a hannu, don suna kama da juna amma ramukan sensa sun bambanta. Ni a wannan abin na fi son sabo mai kyau a kan na Beljiyam, tunda na Beljiyam ɗin ma shekarunsa ɗaya da naka.

In bayan haka tana ci gaba da sha, sai a yi gwajin ruwan shuɗi da na kwamfureshan, wato auna matsin kowace silinda. In ta kama a sauke tof, kada ka bar wajen sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an auna. A injin nan kantarewar da ta wuce milimita 0.1 sai an kai an share fuskar. A duba tsaga kuma. Kusoshin tof ɗin irin masu miƙewa ne, sababbi ake sawa, a ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo. Yawancin gaskit ɗin da yake sake ƙonewa bayan wata biyu, a wajen ɗaurin nan aka kashe shi.

Tsohon_Direban_504:
Mu da hannu muke ɗaurewa da bututu a jikin sifana, kuma tof bai taɓa yi mana gardama ba. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, motar da ta kai fitilar ruwa tana ƙiftawa da lodin Maigatari a cikin wannan rana, da wuya gaskit ɗinta ya fita lafiya.

Mai_Lagireto_Haɗeja:
Malam Direba, abu ɗaya kada ya tayar maka da hankali bayan an yi aikin. Duk lokacin da aka zubar da ruwa aka sake ɗurawa, iska tana maƙalewa a ciki. A ɗura a hankali, a riƙa matsa tiyo, a bar ta a silo har fanka ta tashi da kanta ta tsaya. Tafiyar farko za ka ga ruwan ya ɗan sauka, iskar ce ta fita. Ka ƙara zuwa layi, sannan ka ja zane da biro a jikin robar. Awon kuma da safe ake yi, mota a sanyaye, a wuri ɗaya mai daidai, ba yau a gangare gobe a tudu ba. In za ka sa kulant, a fara wanke jan lakar nan tukuna, kuma kada ka gauraya kala biyu da ba ka san irinsu ba, wasu in sun haɗu kauri suke yi.

Auwalu_Rano:
Ni tawa akasin haka ce. Ruwa ba ya raguwa sosai, amma baƙin mai nake gani yana yawo a saman robar ruwan. Shi ma tof ne?

Oga_Kwakwaci:
Auwalu, wace mota ce, kuma giyarta ta hannu ce ko otomatik? In injinka yana da ɗan akwatin sanyaya mai a saman filta, wanda tiyon ruwa biyu suke shiga, shi za a fara zargi, don matsin mai ya fi na ruwa, in ya huje ta ciki mai ne yake tsallakawa. In kuma otomatik ce mai bututun man giya a cikin lagireto, ka zaro gejin man giya ka ga kalarsa yau ɗin nan, kada ka ƙara tafiya da ita kafin ka duba. Ka buɗe naka zaren ka sa hoton robar.

Ɗan_Gujungu:
Malam Direba, in ka musanya fulogin ka sa mana hoton duka huɗun a jere, da hasken rana, kada ka goge su. Kuma kafin Alhamis, don ni ban ga dalilin da za ka ɗauki lodin Maigatari da murfin da robarsa take kama yatsa ba.